INA ƊANKI YAKE A WANNAN SA'AR? JAWABIN SHUGABAR MATA KAN MANHAJOJIN NUNA WURI NA KYAUTA



  

Wannan shi ne jawabin da na gabatar a zamanmu na wannan wata. Da yawa ba su samu halarta ba, wasu kuma sun ce a rubuto musu don su karanta a nitse su nuna wa iyayen yara. To ga shi. Yana da ɗan tsawo, amma dan Allah 'yar uwa ki daure ki kai ƙarshe, don maganar 'ya'yanmu ce. Yau mun ajiye zancen siyasa a gefe.

Kowace uwa a nan ta san wannan faɗuwar gaban. An kira magariba, yaro bai dawo daga lesin ba. 'Yarki ta kama hanyar komawa makaranta, kin kira sau biyar ba ta ɗauka ba. Ki fita ƙofar gida, ki dawo, ki sake fita. Abinci ma ba ya ciwuwa. Alhali wayar da ke hannunki, wadda muke kallon bidiyon biki da ita, tana iya nuna miki inda wayar yaron take a kan taswira, kuma ba a biyan ko kwabo sai ɗan datan da za ta ci. Abin da nake so mu koya ke nan. Zan faɗi amfaninsa, zan faɗi inda ƙarfinsa ya tsaya, zan kuma faɗi inda ake cutar mutane da shi.

*YADDA ABIN YAKE AIKI*

A cikin kowace babbar waya, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung ko iPhone, akwai abin da ake kira GPS. Taurarin ɗan'adam ne na ƙasar Amurka da ke shawagi a sama, nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa. Idan waya ta kama saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take tsaye. A fili, inda babu rufi, kuskurenta bai cika wuce 'yan mitoci ba. A cikin ɗaki ko rumfar kasuwa mai kwano kuwa saƙon yana raguwa, sai wayar ta koma kintace da turakun sadarwa da ke kusa, kintacen kuma yana iya kaucewa da nisa.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Waya ba ta buƙatar data kafin ta san inda take. Amma kafin ta aiko miki da labarin, dole sai da data da sabis. Saboda haka abu huɗu ne sai sun haɗu a wayar yaron: akwai caji, akwai data, akwai sabis, kuma lokeshin yana kunne. Ɗaya ya faɗi, aikin ya tsaya.

*MANHAJOJIN DA BA A BIYA*

Na ɗaya, WhatsApp ɗin nan da kike karanta wannan saƙo a cikinsa. Shi ya fi sauƙi, don ba sai an sauke komai ba. Yaron zai buɗe hirarku ke da shi, ya taɓa alamar maƙalar takarda da ke gefen inda ake rubutu. A iPhone alamar tarawa ce. Sai ya zaɓi lokeshin. Zai ga zaɓi biyu. Na ƙasa yana turo inda yake a wannan daƙiƙar kawai, kamar hoto. Na sama shi ne laif lokeshin, wanda ke tafiya da shi duk inda ya motsa. Zai zaɓi minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Lokacin na cika sai ya tsaya da kansa. Wannan ya dace da tafiya: 'yarki za ta koma jami'a, ɗanki zai je rubuta JAMB a wani gari, ko za a tafi sansanin bautar ƙasa. Tun a tasha a kunna na awa 8. In tafiyar ta fi haka tsawo, a sabunta kafin ya ƙare.

Na biyu, Google Maps, taswirar nan da ke zuwa da kusan kowace wayar Android. A buɗe ta a wayar yaron, a taɓa hoton da ke sama ta hannun dama, a shiga wajen raba lokeshin, a zaɓi tsawon lokaci, a zaɓi adireshin Gmail ɗinki. Abin da ya sa nake son wannan, yana nuna miki har yawan cajin da ya rage a wayar. Idan kin ga saura kashi 3 cikin ɗari sannan waya ta mutu, kin san caji ne ya ƙare, hankalinki ya ɗan kwanta kafin ki tayar da unguwa.

Na uku, Family Link, shi ma na Google ne. An yi shi ne musamman don iyaye da yara 'yan ƙasa da shekara 13. Ke za ki sauke shi a wayarki, a buɗe wa yaron asusun Google a ƙarƙashin naki. Daga nan kina ganin inda wayarsa take, kina iya sa ta sanar da ke idan ya isa makaranta ko ya baro ta, kina ƙayyade awa nawa zai yi yana latsa waya, kina kulle ta da dare, kuma ba zai sauke wata manhaja ba sai kin amince. Wanda ya kai 13 ma ana iya haɗa shi, amma sai da yardarsa. Ga mai yara 'yan firamare da ƙaramar sakandare masu riƙe waya, wannan ya fi ko wanne cika.

Na huɗu, Find My, na masu iPhone. Yana cikin wayar tun daga kamfani. Mutum shida na gida ɗaya suna iya haɗuwa a tsarin iyali su riƙa ganin juna. Sai dai tsakanin kayan Apple kawai yake aiki. In ke Tecno gare ki yarinya kuma iPhone, ku koma Google Maps ko WhatsApp.

Na biyar, Life360, na wani kamfani ne a Amurka, yana aiki a Android da iPhone duka. Kuna buɗe da'irar iyali, kowa ya shiga da lambar gayyata. Na kyautan yana nuna inda kowa yake, amma yawancin abubuwan da yake tallatawa sai an biya kuɗin wata-wata, kuma za ki ga yana ta matsa miki ki biya. Akwai wata magana a kansa da zan zo mata a gaba.

Ba sai kin haɗa duka biyar ba. Shawarata, ki fara da WhatsApp yau ɗin nan. In ya zauna miki, ki ƙara da Family Link ga ƙanana, Google Maps ga manya. Kuma a gwada tun ana zaune lafiya. Ki aiki yaron shagon bakin layi, ki zauna kina kallon ɗigon yana tafiya yana dawowa. Ranar tashin hankali hannu rawa yake yi, ba ranar koyon latsa waya ba ce.

Maganar data kuma, na san halin da ake ciki, tunda a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Amma lokeshin ba ya cin data kamar bidiyo. Abin da ke cinye datan yara shi ne TikTok da kallon fim. Kafin yaro ya fita a danna *323# a ga ko akwai saura. Caji kam yana ci fiye da yadda aka saba, don haka mai tafiya mai nisa ya fita da waya a cike, in da hali a haɗa masa da fawa bank.

*INDA ƘARFINSA YA TSAYA*

Nan ne nake so ku buɗe kunnuwa, don kada wata ta sauke manhaja ta ce shi ke nan ta huta.

Abin da kike gani a taswira waya ce. Yaro yana iya barin wayarsa a ɗakin abokinsa ya tafi inda ya ga dama, ke kuma kina kallon ɗigo yana zaune lafiya lau. Ɓarawon waya yana iya fizge ta, sai ki ga ɗigo yana gudu zuwa wata unguwa alhali yaron yana kan hanyar gida da ƙafa. Mugu kuwa abin da yake fara yi shi ne ya karɓe waya ya kashe.

Sannan kullum ki duba lokacin da aka rubuta a ƙarƙashin ɗigon. Idan sabis ya ɗauke, taswira tana ci gaba da nuna wuri na ƙarshe da wayar ta aiko. In an rubuta minti 40 da suka wuce, to inda take minti 40 baya ke nan. Hanyoyinmu da yawa akwai dajin da sabis ke yankewa. Kada ki ga ɗigo ya tsaya a tsakiyar hanya ki fasa kuka, ki ba shi ɗan lokaci, ki kira direba ko wani abokin tafiya.

Kuma mun gani da idonmu a watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka ƙara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro. A irin wannan yanayi duk manhajojin nan ba su da wani amfani.

Mu kuma faɗa wa juna gaskiya game da manyan masifun da suka same mu. Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Ɗaliban nan daga makarantunsu aka kwashe su, kuma yawancin makarantun kwana ma ba sa barin ɗalibi ya riƙe waya. Wannan aikin tsaro ne da ke wuyan hukuma, babu manhajar da za ta ɗauke shi. Haka yaran nan tara da 'yan sanda suka sanar da ceto su a watan Oktobar 2019, waɗanda aka sace daga Kano aka kai Onitsha, ƙanana ne, ba masu riƙe waya ba. Ga kuma yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka ɗauke a Kano a watan Disambar 2021 a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya, aka zo aka gano mai makarantar bokon da take zuwa ne, wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a watan Yulin 2022. Allah ya jiƙanta, ya ba iyayenta haƙuri. Wanda ta sani ne ya kira ta, shi ya sa ta bi shi. Wannan darasi waya ba ta koyar da shi, sai uwa.

Ban faɗi wannan don na kashe muku gwiwa ba. Manhajar tana da amfani sosai a damuwar yau da gobe: yaro ya yi dare, mota ta lalace a hanya, yarinya ta sauka a tashar da ba ta sani ba, mai adaidaita sahu ya canza hanya. Ko da mugun abu ya faru, Allah ya kiyaye, wuri na ƙarshe da lokacinsa babban abin farawa ne ga masu bincike.

*INDA AKE CUTAR MUTANE*

Hausawa suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk abin da aka ce kyauta ne, ki tambayi kanki da me mai shi yake cin abinci. A watan Disambar 2021 wata kafar binciken labarai a Amurka mai suna The Markup ta bankaɗo cewa Life360 yana sayar da bayanan wuraren da masu amfani da shi ke zuwa ga dillalan bayanai. A watan Janairun 2022 kamfanin ya ce zai daina sayar da irin waɗannan bayanai ga mafi yawansu. Wannan babban kamfani ke nan da duniya ta sa wa ido. To ina ga ƙananan manhajojin da ba a san mai su ba? A nan Najeriya muna da dokar kare bayanai ta 2023, kuma ta tanadi cewa sai da yardar iyaye ake sarrafa bayanan yaro. Amma ke ce mai danna yardar. Kada ki danna abin da ba ki gane ba, ki nemi wanda zai karanta miki.

Ga dokoki biyar, dan Allah a kiyaye su.

1. Duk manhaja ko shafin da ya ce ki sa lambar waya kawai zai nuna miki inda mutum yake, damfara ce. Za su nuna miki taswira tana juyawa, sannan su ce ki biya ko ki sa lambar katin banki. Bin sawun layi ta lamba aikin kamfanonin waya ne da jami'an tsaro.

2. Kada ki sauke manhaja daga linkin da aka turo a guruf. Daga Play Store ko App Store kawai, kuma ki duba sunan da kyau, don akwai na jabu masu kama da na gaske.

3. Kada a taɓa tura laif lokeshin ɗin yaro cikin guruf, ko na dangi, ko na 'yan ajinsu, ko wannan namu. Duk wanda ke cikin guruf zai ga motsinsa, kuma ba ki san wa ke riƙe da wayar kowa ba. Uwa da uba, sai wani babba guda da kuka amince da shi. Ya isa.

4. Ki tsare wayarki, don yanzu ita ce taswirar 'ya'yanki. Ki sa mata makulli. Ki kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, wato lambar sirri guda shida da ke kaɗai kika sani. Duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobin da aka turo miki ta saƙo, wai za a sa ki a tallafi ko a taron intanet, ɓarawon asusu ne, ko da ya ambaci sunana. Ni ba zan taɓa aiko a karɓi lamba a wajenki ba.

5. Ki duba wa kuma yake ganin 'yarki. Snapchat yana da taswirarsa da ke nuna wa abokai inda mutum yake. Ku zauna tare ku kunna yanayin ɓuya mai alamar fatalwa. Ku kuma buɗe Google Maps ku ga jerin waɗanda take raba wa lokeshin. Saurayin da ya ce sai an ba shi lokeshin dare da rana don ya tabbatar ana son sa, wannan alama ce da ya kamata uwa ta tsaya a kanta. Mu ma iyaye, a rage ɗora hoton yara da kayan makaranta a sitatus, ga baji ga sunan makaranta ga ƙofar gida. Da hannunmu muke rubuta wa mugu adireshi.

*KADA A YI A ƁOYE*

Akwai wadda ta tambaya a zaman, ko za a iya sa wa yarinya ba tare da ta sani ba. Amsata ita ce kada a yi. Yaran yanzu sun fi mu sanin waya nesa ba kusa ba. Za ta gano, kuma manhajojin kirki ma da kansu suke nuna wa mai waya cewa ana ganin wurinsa. Ranar da ta gano, za ta koyi barin waya a gidan ƙawa, ko ta samo ta biyu da ba ki san da ita ba. Kin rasa lokeshin, kin kuma rasa amanar da ke tsakaninku, wadda ta fi shi tsada.

Ki zaunar da ita. Ki ce mata, 'yata, ba zarginki nake ba, zamani ne ya lalace, ina so in kin fita hankalina ya kwanta. Ki ce ke ma ga nawa, ki riƙa ganin inda nake. Wallahi wannan kalma ta ƙarshe tana sauke yaro, don ya ga abin na gida ne gaba ɗaya. Sannan ku yi yarjejeniya: yaushe za a kunna, wa zai gani, me za a yi in caji ya kusa ƙarewa.

Ke kuma ki riƙe naki alkawarin. Kada ki zauna kina gadin taswira daga safe har dare, kina kira duk minti goma, me ya tsayar da ke a bakin titi, shagon wa kika shiga. Hawan jini za ki ja wa kanki, ita kuma ki gundure ta. Ɗan shekara 10 daban, 'yar shekara 16 daban, wanda ya kai 18 yana jami'a kuwa roƙonsa za ki yi, kuma in ya ce sai lokacin tafiya kawai, ki karɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na ga wasu suna murmushi a zaman, na san abin da ke ransu. A'a Hajiya, ban kawo wannan don a bi sawun maigida ko kishiya ba. Ɗaukar wayar babban mutum a sa masa abin leƙe a ɓoye, addini ya hana bin diddigin sirrin mutane, kuma yana iya kai mutum gaban hukuma. Gidaje sun mutu a kan abin da bai kai wannan ba. Shi maigida a jawo shi cikin shirin tun farko, a nuna masa, a sa shi cikin masu gani. In kina riƙon ɗan wani ko ɗan kishiya, a sanar da iyayensa kafin a haɗa.

*IN YARO YA ƁACE, ALLAH YA KIYAYE*

Ki buɗe taswira ki ɗauki hoton fuskar wayar nan take, yadda wuri da lokaci za su fito, don ɗigon yana iya ɓacewa. Ki kira malaminsa, mai kai shi makaranta, da abokansa na kusa. Ki sanar da mahaifinsa da mai unguwa. In ba a gan shi ba, a tafi ofishin 'yan sanda mafi kusa, kada a ce sai gobe. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce. A tafi da sabon hotonsa, da bayanin kayan da ke jikinsa, da lambar layinsa, da lambar IMEI ta wayar. Wannan lamba guda 15 ce, ana ganin ta idan aka danna *#06#. Yau ɗin nan ki danna a wayar kowane yaro ki rubuta a littafi ki ajiye, don ranar da waya ta ɓace ba za ki samu damar dubawa ba.

Kuma ina roƙonki da girman Allah, in taswira ta nuna wani gida ko kango da ba ki sani ba, kada ki yafa mayafi ki tafi ke kaɗai, kada kuma a tara matasa a afka wa gidan mutane. Na gaya miki ɗigon yana kaucewa, yana iya nuna gidan maƙwabci wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mun san yadda ihun ɓarawon yara ke ƙarewa a garuruwanmu. A ba jami'an tsaro su yi aikinsu. Cigiya a masallaci da gidan rediyo tana nan da amfaninta, amma in ana zaton sacewa ce, a yi shawara da jami'ai kafin a watsa a guruf.

*WAƊANDA BA SU DA WAYA*

Mafi yawan 'ya'yanmu ba su da babbar waya, kuma ban ce a ci bashi a saya wa ɗan firamare ba. Waya a hannun ƙaramin yaro a kan titi ma kiran ɓarawo ce. Ƙaramar waya mai tocila ba ta yin lokeshin, amma tana kira, tana kuma kwana biyu da caji, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Ga ƙanana, tsohon tsarinmu shi ne magani. Yaro ya haddace cikakken sunan mahaifinsa, sunan unguwa, da lambar waya guda ɗaya, kamar yadda yake haddace karatun allo. Ranar sallah da hawa da taron biki, a rubuta lamba a takarda a sa masa a aljihu. A gaya wa makaranta, ta boko da Islamiyya, sunan waɗanda aka yarda su ɗauke shi. A koya masa cewa ko wanda ya sani ne, ko malami, ko maƙwabci, in ya ce zo in kai ka wani wuri, amsar ita ce sai na tambayi Mama. Mai adaidaita sahun da ke kai su, ki san gidansa, ki rubuta lambar wayarsa da lambar jikin babur ɗin. In yara suna tafiya a ayari, babbar cikinsu ko shi direban yana iya kunna miki laif lokeshin na awa 1, waya ɗaya ta wadatar da yara shida. 'Yan matan da ke fita talla kuma, a sa musu iyakar layukan da za su bi da lokacin dawowa, kuma kada su shiga ɗakin kowa ko kango don an ce za a saye duka.

Ɗa na kowa ne. In kin ga ƙaramin yaro yana gararamba shi kaɗai, ko ɗan maƙwabciya ne ko almajiri, ki tsaya ki tambaye shi. In ya ɓata ne a kai shi gidan mai unguwa kamar yadda muka gada.

*AIKIN DA NA BA MU*

Shugabannin mata na mazaɓu, kowacce ta zaɓo 'yan mata biyu masu amana da suka iya waya. A zamanku na gaba su zauna da iyaye ɗaya bayan ɗaya su nuna musu. Sharaɗi, uwa ce za ta danna lambar sirrinta da hannunta, mai koyarwa ta kau da kai, kuma ba a karɓar ko sisi. Duk uwar da ta zo, ko tana tare da mu ko ba ta tare da mu, a koya mata.

Ke kuma 'yar uwa mai karatu, kafin ki kwanta yau ki yi abu uku. Ki rubuta IMEI na wayoyin gidanki. Ki kunna lambar sirri a WhatsApp ɗinki. Ki kira ɗanki ko 'yarki ku gwada laif lokeshin na minti 15 tare. Wadda ta gwada ta turo mana da "na yi" kawai, ban da hoton taswira. Wadda ta maƙale ta yi wa shugabar mazaɓarta magana. Wadda ba ta iya karatu ba, a karanta mata ko a yi mata da murya.

A tura wa sauran iyaye mata. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya shirya mana su, ya kare su daga sharrin mugun mutum na nesa da na kusa. Waɗanda 'ya'yansu ke hannun miyagu, Allah ya kuɓutar da su ya haɗa fuskokinsu da alheri. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin summa amin.



Taku a kullum,
Shugabar Mata.